Uwar Maƙerar Baba Kura

Malam Ɗayyabu maƙerin Roni bai san ranar da kunnensa ya fara mutuwa ba. Abin a hankali ya zo masa. Da fari kukan tsuntsaye ya daina ji, sai muryar mata da ta yara, daga baya har ƙarar ƙarfen da ya shekara arba'in da ɗoriya yana duka. Abin da ya rage masa ɗan saura ne a kunnen hagu, wanda ke kama murya mai kauri in an matso kusa an ɗaga ta. Da aka kai shi asibiti a Kazaure aka leƙa, aka ce aikin ne ya cinye, ba abin da za a yi.

Mutanen da suka saba zama a rumfarsa da hantsi ba su yi masa laifin komai ba, gajiya suka yi. Magana ɗaya sai an maimaita sau uku, abin dariya kuwa kafin ya iso gare shi ya huce. Sai suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. In sun zo wucewa su ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsa tilo, Asma'u, tana aure a Kazaure. Shi ke zuga wa kansa wuta, shi ke riƙe awartaki, shi ke duka. Duk da haka, muddin akwai gawayi a murhu da jan ƙarfe a gabansa, yini ba ya yi masa tsawo.

Wata safiya cikin bazara ya dawo daga sallar asuba, gari ya yi haske, sai ya tarar da rami a tsakiyar rumfar. An tone uwar maƙerarsa, dunƙulen ƙarfen nan da yake ɗora aiki a kai yana duka, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ga sawun baro ya bi ta bayan gida ya hau hanyar mota. Tsakanin ramin da shimfiɗarsa bai kai taku goma sha biyar ba.

Maƙwabta suka taru ana jaje. Yana tsaye yana kallon bakunansu na motsi. Wani ya matso kunnensa na hagu ya ce shi fa ya ji ana haƙa, ya zaci Malam ne ya yi sammako. Malam Ɗayyabu ya gyaɗa kai. Kowa ya san inda irin wannan ƙarfe ke ƙarewa: a kan sikelin masu sayen tsohon ƙarfe, daga nan sai babbar mota, sai wurin narkarwa. Ba a ma wahalar da kai wajen nema ba.

Mako uku ya yi yana gwada abin da ba zai yiwu ba. Ya gwada dutse, dutsen ya fashe. Ya gwada gindin wani tsohon injin niƙa, yana bugawa yana gudu a ƙasa. Damina na matsowa, manoma na zuwa da fartanya da garma, su leƙo su ga ramin, su wuce da kayansu wani gari. Ran nan ya kwance raguna biyu da yake turkawa, ya kai kasuwa ya sayar, ya ƙulle kuɗin a aljihun ciki, ya shiga neman uwar maƙera.

Abin da ya sa neman ya yi masa ɗaci shi ne, a da shi ake ɗauka. Duk maƙerin da zai sayi tsohuwar uwar maƙera, daga Roni har Yankwashi, sai ya biya wa Malam Ɗayyabu kuɗin mota sun tafi tare. Zai buga sau uku, ya karkata kai, ya ce saya, ko ya ce mu tafi. Ba a taɓa dawowa aka ce ya yi kuskure ba.

Ta farko da aka kwatanta masa a Gwiwa take, wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan injuna. Ta sha baƙin fenti tana ƙyalli, mai kayan na shafa bayanta kamar saniyar sayarwa. Malam Ɗayyabu ya zaro 'yar masaba, ƙaramar gudumar da ya taho da ita, ya buga. Bai ji komai ba. Ya sake bugawa, kuma ba tare da ya lura ba ya karkata kai yadda ya saba, har kunnensa ya kusa taɓa ƙarfen. Da ya ɗago sai ya ga mutum biyu a rumfar kusa sun dubi juna suna murmushi.

Mai kayan ya matso ya ɗaga murya. "Ka ji ta ko, Baba? Kamar ƙararrawa."

"Na ji," in ji Malam Ɗayyabu.

Hannunsa ne bai yarda ba. Masabar in ta sauka ba ta dawowa, sai ka ce jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buga. Ya zaro wuƙa ya kankare fentin a gefe, sai ga tabon walda, ga kuma wani siririn layi ya ratsa jikinta daga sama har ƙasa, shaidar zuba ta aka yi, ba ƙera ta aka yi ba. Irin wannan ƙarfe ba ya cin damina ɗaya sai ya ɓantare. Ya mayar da wuƙar kube, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya tafi.

A bayan ɗan acaba, suna ratsa duwatsu ana zafin rana, ya yi ta juya abin. Wannan aibinta a waje yake, shi ya sa ya gani. To wadda aibinta ke ciki fa, can ƙarƙashin fuska inda ido ba ya kaiwa? Ga kuma ƙaryar nan da ya yi, "na ji", ta yi ta damunsa har Roni.

Kwana biyu bayan haka ya je Kazaure wurin Asma'u. Muryarta siririya ce, ya fi shekara uku rabonsa da jin ta. In tana da magana mai muhimmanci sai ta rubuta masa da ajami. Ta ajiye masa tuwo, ta jira ya ci, sannan ta yagi bayan kwalin sabulu ta yi rubutu ta miƙa masa. Baba ka huta haka nan. Akwai ɗaki a gidan nan.

Ya karanta sau biyu, ya ninke kwalin.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Amma ranar da na ajiye masaba, Asma'u, ba wanda zai sake zuwa ƙofata da wata buƙata. Yanzu ko ba a zauna ba, ana zuwa."

Ta sunkuyar da kai ta kwashe kwanukan.

Mijinta Ahmad direba ne, yana jan ƙaramar bas tsakanin Kazaure da Babura, kuma tasha ta ba shi muryar da ba kunnen da ba ta shiga. Da ya dawo da yamma ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce akwai wata uwar maƙera a Babura. Wani maƙeri Babarbare, Baba Kura, ya rasu bara, bai bar mai gadon sana'ar ba. Matarsa za ta bar garin, tana neman mai saye.

Washegari Malam Ɗayyabu ya zauna a gidan gaba. Ahmad ya kunna rediyo, fasinjoji na ta musu a baya a kan wani abu. Shi dai ya jingina kafaɗa da ƙofa yana jin rawar injin a ƙashinsa, yana kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa.

Gidan Baba Kura yana gefen gari, bayan kasuwar dabbobi. Rumfar ƙirar na jikin zaure, rabin rufinta ya rufta, kaji sun yi wurin kwanciya a murhu. Ahmad ya yi sallama, wata tsohuwa doguwa siririya mai tsagen Barebari a kumatu ta fito da tabarma. Sunanta Yagana. Ahmad ya yi mata bayani, ya ce zai je ya yi lodi, zai dawo bayan la'asar.

Aka bar su su biyu. Malam Ɗayyabu ya gaishe ta, ya juya mata kunnen hagu, ya shirya wa wahalar da ya saba. Sai ya ga ta ja tabarmar ta koma inda haske ke dukan fuskarta, ta dube shi sosai, ta kaurara murya kamar ta namiji, ta yi magana dalla-dalla.

"Wannan ne mai ran?"

Ya ji ta sarai, tun karon farko.

"Shi ne, Iya. Shi ma saura kaɗan."

"Na marigayi na dama ne. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa magana haka. Zauna nan inda za ka ga bakina."

Ya zauna. Suka gaisa a tsanake, ya yi mata ta'aziyya, ta tambaye shi mutanen Roni. Ta ce 'yarta ce za ta zo daga Nguru mako mai zuwa ta tafi da ita, gidan kuma dangin marigayi za su karɓa. A kusurwar zauren ya hango ƙullin kaya uku an riga an ɗaure.

Sannan ta yaye wani tsohon buhu, sai ga uwar maƙerar.

Ba irin ta mahaifinsa ba ce, wadda ake kafawa a ƙasa kamar turke. Wannan mai ƙaho ce, mai ƙugu da ƙafafu huɗu, tana zaune a kan kututture, tsatsa ta yi mata ja. Malam Ɗayyabu ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya nemi yashi da tsumma ya goge fuskar har baƙin ƙarfen ya fito. Ya bi gefunan da babban yatsa, ya zagaya ta, ya kwantar da kai ya leƙa ƙarƙashin ƙahon. Sannan ya ɗago ya tambaye ta.

"Yaushe ta shigo gidan nan?"

"Na tarar da ita. Yau shekarata hamsin ba biyu a gidan nan. Marigayi ya ce daga Damagaram ya sayo ta da sefa, wurin wani maƙeri, shi ma mutumin ya ce tsohuwa ya same ta."

"Bai yi ƙarya ba." Ya nuna mata ƙugun. "Kin ga nan ba layi. Ba zuba ta aka yi ba. Ga sawun guduma, gunduwa-gunduwa aka haɗa ta a wuta. Waɗannan ramukan kuma nan ake zura sanduna a juya ta tana ja. An daɗe da daina irin wannan aiki." Ya ɗora farce a kan wani siririn zare da ke ƙasa da fuskar da kaurin yatsa. "Wannan na saman ƙarfe ne daban, mai tauri, aka liƙa shi a kan jikin. Shi ne kuɗinta."

A gefenta akwai rubutun boko da ya shafe, sai wata lamba guda da ta rage. Bai ɓata lokaci a kai ba. Ya ɗora bayan wuƙarsa a kan fuskar, ya sunkuya, haske ya ratso ta ƙarƙashi a tsakiya.

"Ta yi kwari kaɗan. Ƙarfe mai wannan tauri, kafin ya lotsa haka, sai mutum uku sun tsufa a kansa. Ta girme ni ta girme ki, Iya. In aka ce ta haura ɗari ba zan yi musu ba."

Ya zaro masabarsa, ya riƙe ƙotar da yatsa biyu, ya sake ta ta faɗi da nauyinta. Ta yi tsalle ta dawo kusan inda ta taso. Ya sake, ta dawo. Sai kuma ya ajiye masabar a kan cinyarsa.

"Me ya faru?" in ji Yagana.

Bai yi niyyar faɗa ba, amma ya faɗa.

"Saura abu ɗaya, shi ne kuma ba ni da shi. Wani lokaci ƙarfen saman nan yakan rabu da jikin ta ciki. Ido ba ya gani. Hannu ma sai abin ya yi nisa yake ganewa. Kunne kaɗai ke kama shi da wuri. In da lafiya za ta yi ƙara mai tsawo, in ta rabu sai ƙarar ta mutu a wurin." Ya dubi masabar. "Ni a da da wannan aka san ni."

Sai tsohuwar ta gyara zama ta matso kusa da kututturen.

"Buga. Ni shekara arba'in da takwas ina jin ta daga bayan wancan bango. Da ita nake sanin lokacin ɗora tukunya. In ta yi daidai ba zan motsa ba. In ta sauya zan ɗaga hannu."

Ta rufe ido.

Ya fara daga gindin ƙaho. Ya buga a hankali, ya matsa faɗin yatsa, ya sake bugawa. Idonsa ba a kan ƙarfen yake ba, a kan fuskarta yake. A bugun farko ya ga ta ɗan zabura, leɓunanta suka matse. A na uku suka saki. Ta ɗan karkata kai gefe, irin yadda shi ma yake yi, hannayenta biyu a kwance a kan gwiwa. Kajin da ke murhu suka watse. Wata mata mai ɗauke da tulu ta tsaya a bakin hanya ta juyo tana kallon rumfar. Duk wannan ya gani, da shi ya auna ƙarar.

Ya wuce tsakiya, hannunta bai motsa ba. Ya dawo ta ɗaya gefen, bai motsa ba. Sai da ya kusa wutsiya, can ƙarshen da ba ƙaho, wajen wani rami mai kusurwa huɗu, hannun dama ya tashi.

Ya tsaya. Ya ɗauki guntun gawayi a murhu ya yi alama. Ya ja baya kaɗan ya buga, hannun ya sauka. Ya matsa gaba, ya tashi. Haka suka yi ta yi, yana bugawa tana ɗagawa tana saukewa, yana zanawa, har baƙin zane ya zagaye wuri kamar faɗin tafin hannu a kusurwar wutsiya. Ya ɗora tafinsa na hagu a wurin ya buga kusa da shi. Yanzu da aka nuna masa, ya ji wata 'yar karkarwa daban a fatarsa, ƙanƙanuwa ƙwarai. Shi kaɗai da ba zai taɓa tsayawa a kanta ba.

Yagana ta buɗe ido, ta goge su da gefen mayafi.

"Dama na san da shi," ta ce. "Shekarar da ya yi doguwar jinya, ɗan ƙaninsa ya shigo nan da sanyin safiya zai miƙar da wani ƙarfen amalanke. Bai hura wuta ba, ya ɗauki babbar guduma ya yi ta maka mata. Ina daka na ji ƙarar ta canja. Tun ran nan wurin ke amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya."

"Marigayi bai gyara ba?"

"Bai sani ba. Kunnen ya riga ya tafi. Ni kuma ban faɗa ba, don da na faɗa da zumunci ya ɓaci. Shi ɗan ƙanin nasa ne zai karɓi gidan nan." Ta dube shi. "Kai ne mutum na farko da na gaya wa."

"Da kin bar hannunki a gwiwa, Iya, da ban sani ba."

"Da ka sani ranar da ta ɓare maka. Ina can Nguru ina cin kuɗinka."

Ya sake duban zanen. Wurin da ake ainihin aiki, daga ƙaho zuwa bayan tsakiya, lafiyarsa lau. Wutsiya dama ba a cika dukanta ba. In aka kiyaye kusurwar nan, za ta kai wani mutum ɗaya kabari, wataƙila biyu.

Ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu da sikelinsu, ta faɗi abin da suka taya. Ya girgiza kai.

"Wannan kuɗin nauyinta ne, ba kuɗinta ba. Zan faɗa miki gaskiya yadda zan faɗa wa wanda ya ɗauko ni. Da ba ta da wannan tabo, sai dai a yi maganar bijimi. Yadda take ɗin nan, ta ci raguna uku masu kyau. Ni kuɗin biyu na zo da shi, ba ni da ƙari a gida. In kika jira, labari ya kai maƙeran Kano, za ki samu fiye da nawa."

"Ba ni da kwanakin jira," in ji ta. "Kai aiki za ka yi a kanta?"

"Manoma na jira."

"To na sallama. Allah ya sa albarka."

Ya ciro ƙullin ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗaure shi a bakin zane yadda yake.

Da azahar ta yi ya je masallacin unguwar ya dawo, ya tarar ta dama fura da nono ta ajiye masa a zaure. Ya zaci za ta koma ciki, sai ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Suka shiga hira. Bai san yana da magana haka a cikinsa ba. Ya ba ta labarin ramin da ya tarar, da matarsa, da yadda takan yi masa faɗa in ya shigo da baƙin gawayi a ƙafa. Har ƙaryar Gwiwa ya faɗa mata. Ta yi dariya har tana riƙe baki, ta ce marigayi ya taɓa amsa "amin" da aka tambaye shi kuɗin lauje. Shi ma ya yi dariya, a lokacin da ya kamata, ba bayan an gama ba.

Ita kuma ta ce a Nguru ba ta san kowa ba sai 'yar tata. An haife ta a wajen, amma duk waɗanda ta sani sun mutu. A nan Babura aka san ta da matar maƙeri, can kuwa tsohuwa ce kawai a ɗakin baya. Ba ta faɗa da kuka ba, ta faɗa ne tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya.

Inuwar zauren ta miƙe har bakin hanya. Malam Ɗayyabu ya ga hancin bas ɗin Ahmad ya shawo kwana, ya ji ransa bai so ba.

Sai da maza huɗu suka kama kafin aka ɗaga ta daga kan kututturen, aka zura mata sanduna, aka kai ta bayan mota aka kwantar a kan tsohuwar taya. Yagana ta ce ya kwashe awartakai da sauran tarkacen, ba mai amfani da su. Ya zaɓi biyu. Da ya kai hannu kan wata masaba mai ƙotar da ta yi sulɓi, gurbin yatsu ya fito a jikinta, sai ta riga shi ɗauka.

"Ban da wannan. Da ita zan tafi."

Ya yi mata sallama, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ta amsa. Ya shiga gidan gaba. Motar ta tashi, tana juyawa, sai ya hango ta tsaye a ƙofar zaure da masabar a hannu, bakinta na motsi, tana faɗa masa wani abu. Tazarar ta yi yawa. Ya taɓa kafaɗar Ahmad.

"Me ta ce?"

Ahmad na fama da giya yana leƙen madubi. Ya ɗaga murya ya ce wallahi bai ji ba, Baba, ko a koma? Malam Ɗayyabu ya waiga, har sun sha kwana.

"A'a. Mu tafi."

A Roni ya sa aka yanko masa kututturen kirya, ya binne rabinsa a tsohon ramin, ya ɗora ta ya kafe ƙafafun da manyan ƙusoshi. Ya juya wutsiyar wajen bango. Zanen gawayin ya fara gogewa a hanya, sai ya bi sawunsa da kurfi, ƙarfen huda mai tsini, ya yi 'yan ɗige-ɗige a gefe, don ko bayan ransa wanda ya same ta ya san inda zai kiyaye.

Ranar farko fartanya biyu aka kawo. Rana ta biyu bakwai da garma. Aikin na tafiya da sauri fiye da da, don ƙarfen na mayar masa da rabin ƙarfinsa, kafaɗarsa ba ta yin tsami da yamma. Masu kayan sukan miƙa, su nuna da yatsa inda ya lalace, su tafi.

A rana ta huɗu, bayan azahar, yana tsakar fitar da bakin wata garma sai inuwa ta faɗo a kan aikin. Hamma ne, wani Bafillace da ya sayi gidan da ke bayan nasa ya zauna da iyalinsa. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya matso kunnen hagu.

"Malam, don Allah a yi haƙuri. Inna ce ba lafiya, ba ta samun barci sai bayan azahar. Wannan sabuwar taka kuwa har bakin rafi ana jin ta."

Malam Ɗayyabu ya ajiye masabar.

"Har bakin rafi?"

"Har can. Jiya ina ban ruwa na ji."

Tsakanin rumfar da rafin tafiya ce mai ɗan dama. Ya dubi uwar maƙerar, ya dubi Hamma.

"Yaya take yi?"

Hamma ya sosa ƙeya. Ba a taɓa yi masa irin wannan tambaya ba. Ya ce ƙara dai. Siririya. In an buga ba ta tsayawa nan da nan, sai ta yi ta tafiya, kafin ta ƙare an sake buga wata.

"To," in ji Malam Ɗayyabu. "Allah ya ba Inna lafiya. Za a gyara."

Da Hamma ya tafi ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar sarƙar amalanke daga ƙarƙashin gado. Ya naɗa ta a ƙugun uwar maƙerar zagaye uku, ya cusa tsumma a tsakani, ya tara yashi a gindin ƙafafun. Haka ake kashe wa mai yawan ƙara murya, ya sha yi wa wasu. Ya ɗauki masaba ya buga sau ɗaya. Ba shi da hanyar sanin ko ta ragu, ba kuma kowa a kusa da zai tambaya. Sai ya ƙara zagaye ɗaya na sarƙar, ya zauna a bakin rumfa ya jira la'asar. Garmar ta huce a kan ƙasa. Da aka fito daga masallaci ya mayar da ita wuta, ya kama zuga-zugi.